Fitilar Kyamara: Yaushe Za a Kunna, Yaushe Za a Kashe?

Kowace shekara, bayan bikin ba da kyaututtuka, mukan zauna mu zaɓi hotunan da za su shiga wannan littafi, kuma da yawa ba sa shiga. Sai ka ga ƙeyar waɗanda ke zaune a gaba ta fito fes, amma ɗalibar da ke karɓar kyauta a kan dandamali ta nutse cikin duhu. Ranar kuwa ba ta dawowa. Ba laifin kyamara ba ne, mu ne ba mu fahimci aikin fitilarta ba, wadda masu hoto ke kira filasha. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Abu na farko, hasken filasha ba ya zuwa nesa. Ƙaramar filashar da ke jikin kyamara ba ta cika wuce mita 3 ko 4 ba. Mun koya a darasin kimiyya cewa in nisa ya ninka sau biyu, hasken da ke isa wurin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wato wanda ke mita 2 daga gare mu yana samun haske sau 16 fiye da wanda ke mita 8. Saboda haka a babban zauren taro, ko dai mu matsa kusa, ko kuwa mu kashe filasha, mu ƙara lambar ISO wadda ke sa kyamara ta wadatu da ɗan haske, mu jingina da bango don kada hannu ya yi rawa. Da dare a lokacin hunturu ma gara a kashe ta, domin takan haska ƙurar da ke cikin iska, hoto ya fito da ɗigo-ɗigon fari.

Abu na biyu zai ba wasu mamaki: da rana tsaka ne filasha ta fi amfani. Mu ɗauki misali da kasuwar Darki. Ga dattijo zaune a rumfa da malafa a kansa, bayansa rana ta ƙwalle. Kyamara za ta auna hasken bayan nan, ta bar fuskarsa baƙi ƙirin. Haka yake faruwa da mai farar riga a rana. In mun danna maɓallin da ke da alamar walƙiya muka tilasta filasha ta kama, sai ta kore inuwar da ke fuskar. Amma mu fara gaishe shi mu nemi izini. Ba kowa ke son a ɗauke shi hoto ba.

Sai kuma ɗan faifan da ke saman kyamara mai haruffa. A kan Auto, kyamara ce ke yanke shawarar kome, har da kunna filasha inda ba ta da amfani. A kan P, ita ke auna haske, amma filasha tana hannunmu. Nan ya kamata mai koyo ya fara. S, wanda kamfanin Canon ke rubutawa Tv, shi ke ba mu ikon zaɓen saurin ƙiftawar kyamara. Ranar wasannin makaranta, 1/500 na daƙiƙa yakan tsayar da mai gudu cak. A, ko Av, na faɗin ƙofar haske ne: ƙaramar lamba kamar f/2.8 takan fito da mutum ɗaya ta dusashe bayansa, f/8 kuwa ta fi dacewa da hoton aji mai sahu uku. M na wanda ya ƙware ne, kome a hannunsa yake.

A 1975, lokacin da Steven Sasson na kamfanin Kodak a Amurka ya haɗa kyamarar dijital ta farko, sai da ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya. Mu ma da can sai mun jira fim ya ƙare an kai shi Kano an wanke kafin mu ga kuskurenmu. Yanzu nan take muke gani. To, ya ku ɗalibai, duk wanda aka damƙa wa kyamara, ya duba hoton tun jama'a ba su watse ba. In fuska ba ta fito ba, ya gyara ya sāke.