Majalisar Dattawan Da Ba Ta Zauna Ba

Manoma da makiyaya masu cin kasuwannin Jibiya da Illela sun saba jin kalmar sanata. A Najeriya kowace jiha tana da sanata uku, Abuja tana da ɗaya, duka 109. Jama'a ke zaɓensu, shekara huɗu-huɗu. In wa'adin sanata ya cika, yana iya sake tsayawa ko sau nawa.

A Yamai kuwa majalisa ɗaya aka sani, ta depitoci. Amma a shekarar 2009 an rubuta majalisar dattawa cikin tsarin mulkin Nijar. Ga yadda abin ya faru.

An zaɓi shugaba Tanja Mamadu a 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Doka ta ce sau biyu ne, shekara biyar-biyar, ba ƙari. Wa'adinsa zai cika ran 22 ga Disamba 2009. Sai magoya bayansa suka ce a bar shi ya ƙarasa manyan ayyuka, kamar madatsar ruwa ta Kandaji, matatar mai ta Damagaram da gada ta biyu ta Yamai. Aka sa wa abin suna Tazarce. Mutanen karkara da yawa suna son Tanja, don sun ga rijiyoyi da ɗakunan shan magani da azuzuwan lakkwal a ƙauyukansu. Amma kotun tsarin mulki ta ce doka ba ta yarda ba.

Tanja ya rushe majalisar depitoci ran 26 ga Mayu. Ya rushe kotun ran 29 ga Yuni. Ran 4 ga Agusta aka yi zaɓen raba gardama, ƴan adawa suka ƙaurace. Hukuma ta ce fiye da kashi 92 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun amince.

Sabon tsarin ya ƙara wa shugaba shekara uku, ya cire iyakar wa'adi. Shi ne kuma ya zo da majalisar dattawa. To, nan ya kamata a lura. Ba talaka ne zai jefa ƙuri'ar sanata ba. Kashi biyu cikin uku, wakilan ƙananan hukumomi ne za su zaɓa. Sauran kashi ɗayan, shugaban ƙasa ne zai naɗa su da kansa. Aikin ɗan majalisa shi ne ya tace doka, ya sa ido kan gwamnati. Wanda shugaba ya ba kujera kuwa, da wuya ya dube shi ya ce a'a.

Cikin Oktoba ƙungiyar CEDEAO ta dakatar da Nijar. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da gwamnati. Har ranar ba sanata ko ɗaya da ya hau kujera.

Ran 31 ga Oktoba 2010 jama'a suka amince da wani tsarin mulki. Ya komo da majalisa ɗaya. Ya ce shugaba ba zai wuce wa'adi biyu ba, ya kuma hana a taɓa wannan ayar.