Gidan haɗaka na tsofaffi da naƙasassu: yaya yake, wa zai ɗauki nauyi?

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Sabon Gari, nan Maraɗi, ya riga ya san rabin zancen. Kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma famfo ɗaya, makewayi ɗaya, madafa ɗaya. To, haka gidan haɗaka na tsofaffi da naƙasassu yake. Bambancin kawai, an gina shi daidai da jikin mazaunansa: ƙofa mai faɗi da keken guragu zai shiga, babu tudu a bakin ɗaki, ga ƙarfen dafawa a makewayi. Uwa uba, akwai mai kula da ke kwana a gidan, ya san lokacin maganin kowa.

Mun san abin da wasu za su ce: ai wannan yar da iyaye ne. A Kano akwai gidan gajiyayyu na Shahuci, kuma sunan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ja da baya. Amma mu duba gidajenmu. Samari sun tafi Libiya, Abijan ko Kwatano, ƴan mata na ɗakin miji. Kuɗin da ake turowa ta Nita ko Al Izza suna sayen gero, gaskiya ne, sai dai ba sa ɗaga tsohuwa in ta faɗi a makewayi da tsakar dare.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wajenmu. A Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa, likitar kutare ta mishan SIM ta daɗe tana karɓar waɗanda dangi suka guje wa, kuma tun 2012 akwai cibiyar yoyon fitsari a can, inda mata ke zama tare kafin aiki da bayansa. Makafi da guragu ma suna da sarakunansu da suka san halin kowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne albashin mai kula. Gini kam, mai hali ɗaya na iya yin sa sadaka. Amma ladan mai kula, kuɗin ruwa da na wutar Nigelec, duk wata sai an biya. Iyalai biyar ko shida daga Tibiri ko Jiratawa, masu ƴaƴa a waje, na iya raba wannan nauyi, matuƙar an rubuta a gaban mai unguwa wa ke biyan me, kuma wa za a kira in ciwo ya tashi.