Yadda Na'ura Ke Zana Taswira Daga Hoton Sama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in bayyana wa 'yan'uwa akawuna da malaman makaranta yadda ake zana taswira a zamanin nan, don na ji ana ta gardama, wai na'ura ta kori ma'aikatan safiyo.

Asalin abin daɗaɗɗe ne. Tun cikin 1946 Ingila ta kafa ofishi musamman don zana taswirar ƙasashen da take mulki a lokacin, daga hotunan jirgin sama. Jirgi ya bi layi yana ɗaukar hoto, kowane hoto ya hau kan na bayansa da wajen kashi 60 cikin 100, don kowane dutse da kowace kuka su fito cikin hoto biyu, ta fuska biyu. Yadda Allah ya ba mu ido biyu muke gane kusa da nesa, haka ma'aikaci ke duban hotunan nan ta cikin wani madubi, sai ya ga tudu ya taso, kwari ya zurma, ya bi da fensir. Aiki ne mai cin ido da lokaci.

Yau kwamfuta ke yin wannan. Takan tsinci alamu dubbai cikin hoto, kamar kusurwar katanga, ta nemo kowace cikin sauran hotuna. Da haka take lissafa inda jirgi yake sa'ad da ya ɗauka, da tsawon kowane wuri. Sa'an nan ta miƙe hotunan, ta ɗinke su, har a iya aza ma'auni a kai. Amma inda ake son awo sosai, har yanzu akan kafa alamu a ƙasa a auna su, in ba haka ba taswira ta yi kyau amma ta goce. Ai kuwa wannan aikin ɗan safiyo ne. Cikin 2016 aka soma ɗaukar hoton Zanzibar da ƙananan jirage marasa matuƙi. Cikin 2021 kuma kamfanin Google ya fitar da zanen gine-gine miliyan 516 na Afirka, waɗanda na'ura ta tsinto daga hotunan tauraron ɗan adam.

To, ga inda hankalina bai kwanta ba. Rufin kwano yana walƙiya, na'ura ba ta ɓata shi. Amma soron laka launinsa ɗaya da ƙasar da aka kwaɓa shi, bukkar ruga kuwa daga sama sai ka ce tarin kara. Har dutse takan kira ɗaki. Da irin taswirar nan masu allurar rigakafi ke raba wa ma'aikatansu unguwanni, ƙauyen da bai fito ba kuwa ana iya tsallake 'ya'yansa. Bugu da ƙari, hoto ba ya faɗin sunan gari, balle wanda ya gaji gona.

Saboda haka ina roƙon hukuma, kafin a yi aiki da kowace taswira, a kai ta gaban dagaci da masu unguwa, su ƙirga tungayensu da rugagensu, a ƙara abin da ya faɗi.

Wassalam.