Fargaba da Ciwon Damuwa a Tsakanin Matasa: Abin da Aka Gano a Ƙasar Sami

Can ƙuryar arewacin Turai, inda rana kan ɓuya kusan wata biyu a tsakiyar hunturu, akwai wata al'umma da ake kira Sami. Iyakokin ƙasashe huɗu sun ratsa ƙasarsu, wato Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, kamar yadda iyaka ta gitta tsakanin Katsina da Maraɗi alhali dangi ɗaya ne. An san su da kamun kifi da kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho.

Tun daga wajen 1850 har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Norwe ta dage sai ta raba su da harshensu da al'adunsu. An kwashi yara zuwa makarantun kwana, inda aka tilasta musu karatu da harshen da ba nasu ba. Da yawa sun tashi suna kunyar asalinsu, har wasu suka ƙi koya wa 'ya'yansu harshen. Daga baya al'amura suka sauya. A 1989 aka buɗe majalisar Sami a garin Karasjok, a 1997 kuma Sarki Harald na Biyar ya nemi gafararsu.

Ganin wannan tarihi, sai masana a Jami'ar Tromsø suka so sanin halin da jikokin waɗancan yara suke ciki. Tun cikin shekarun 1990 suke yi wa ɗaliban arewacin Norwe tambayoyi, Sami da waɗanda ba Sami ba. Tsakanin 2003 da 2005 sun sake tambayar dubban ɗalibai 'yan shekara 15 zuwa 16 game da fargaba da ƙuncin zuciya.

Abu na farko da aka gano shi ne, in an duba gaba ɗaya, babu wani babban bambanci tsakanin matasan Sami da sauran takwarorinsu. Ashe ba a haifar yaro da ciwon damuwa don ya fito daga wata ƙabila. Na biyu, waɗanda suka ce ana yi musu gorin asali ko nuna musu wariya sun fi nuna alamun ciwon. Na uku, matasan Sami da suke jin harshensu, suke kuma shiga harkokin al'adarsu, alamun sun fi sauƙi a wajensu. A kowane ɓangare 'yan mata sun fi samari kokawa, kuma binciken da ake yi a faɗin Norwe ya nuna koke-koken matasa sun ƙaru a shekarun baya-bayan nan, musamman na 'yan mata.

Ya ku iyaye, wannan ciwo bai tsaya a ƙasar ƙanƙara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Yaron da aka tura koyon kasuwanci a wata ƙasa, ko yarinyar da ake yi wa dariyar karin harshenta a makaranta, suna iya ɗanɗanar irin ɗacin da matasan Sami suka bayyana.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ku lura idan yaro ya daina walwala, ya guji abokai, barcinsa ko cin abincinsa ya rikice, ya riƙa yawan fushi ko kuka, ko ya yi ta kukan ciwon kai da faɗuwar gaba ba tare da zazzaɓi ba. Idan haka ta wuce mako 2, a kai shi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa. Idan kuwa ya ambaci cewa gara ya mutu, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai.

Kada a kira shi rago, kada a ce iskanci ne. A zauna da shi bayan an tashi daga kasuwa, a saurare shi da harshen gida har ya kai aya. Kada a saya masa maganin barci ko Tramadol a bakin titi, domin suna ƙara dagula lamarin. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Ciwon damuwa yana da magani, kuma yaron da aka kai da wuri ya fi saurin komawa makarantarsa da sana'arsa.