Matsa Lamba a Gidan Abokin Hamayya: Me Jikin Ɗan Wasa Yake Iya Ɗauka?

A filayen makarantun sakandare na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da zarar ƙwallo ta kuɓuce wa ƙungiya, akan ji 'yan kallo suna ihu cewa a bi ta a ƙwato. Wannan ihu yana da tushe a wata dabara da ake kira matsa lamba a gaba. Manufarta ita ce a tare abokan hamayya tun a gidansu, a ƙwace ƙwallo kusa da ragarsu, maimakon a ja da baya a jira su.

Dabarar ta yi suna a hannun Rinus Michels, wanda ya kai Holan wasan ƙarshe na Kofin Duniya a 1974. Arrigo Sacchi ya ci Kofin Turai da ita a AC Milan a 1989 da 1990, Jürgen Klopp kuma ya ci gasar Jamus da Dortmund a 2011 da 2012.

Yadda ake tsara ta

A tsarin 4-3-3, ɗan gaba na tsakiya yakan tunkari mai ƙwallo ta yadda zai kora shi gefen fili. 'Yan gefe su tare hanyoyin miƙa ƙwallo, 'yan tsakiya uku su riƙe waɗanda za a iya ba, 'yan baya kuma su matso kusa da tsakiyar fili. Sacchi yakan so kada tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan gaba ta wuce mita 25. Haɗarin shi ne doguwar ƙwallo ta tsallake 'yan baya, don haka dole su ƙware a tarkon satar gida.

Abin da ke faruwa cikin tsoka

Tsoka tana aiki ne da wani sinadari mai suna ATP. Idan mutum ya sheƙa a guje iyakar ƙarfinsa, wani ma'ajin gaggawa, fosfokiriyatin, shi ke sabunta ATP, amma yana ƙarewa cikin daƙiƙa 10 ko ƙasa da haka. Daga nan sai tsoka ta dogara ga farfasa sukari ba tare da jiran iskar oksijin ba. Tsami ya taru a cikinta, ƙafa ta yi nauyi. Ma'ajin yana buƙatar kimanin daƙiƙa 30 kafin rabinsa ya dawo, da minti 3 zuwa 5 kafin ya cika.

To, mai karatu, ka ga ke nan babu mai iya matsa lamba minti 90 ba hutawa. Shi ya sa ƙwararru suke jiran alama: an mayar wa mai tsaron gida ƙwallo, ko ɗan baya ya karɓa ya juya wa fili baya. Sai a afka gaba ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi. In ba a dace ba, kowa ya koma gurbinsa. Kusantar juna ita ke rage wa kowa nisan gudu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wanda ya bi ƙwallo shi kaɗai ƙarfinsa kawai ya zubar.

Batun zafi

A ƙasar Kano zafi yakan kai digiri 40 a watan Afrilu. Jini yakan rabu biyu, wani zuwa tsoka, wani zuwa fata don sanyaya jiki. Idan gumi ya rage kashi 2 cikin 100 na nauyin ɗan wasa, juriyarsa takan ragu. A Kofin Duniya na 2014 a Brazil, sai da aka tsayar da wasan Holan da Meziko don a sha ruwa.

Saboda haka malaman wasanni su riƙa horar da ɗalibai da gajeren gudu mai ƙarfi wanda hutu ke biye da shi, su tanadi ruwa, su kuma ajiye matsin lamba mai tsanani sai bayan la'asar sakaliya ko lokacin hunturu. Ɗalibin da jiri ya kama a fitar da shi zuwa inuwa nan take.