Me Ya Hana A Mai Da Wasannin Talbijin Ɗinmu Littafi?

Duk wanda ya tashi a Jega a farkon shekarun 2000 ya san shagon haya. Kanta ɗaya kaset-kaset ne na bidiyo a jere, su Sangaya da Wasila da Ki Yarda Da Ni. Ɗaya kantar kuma littattafai ne, an ɗinke bayansu da zare don kada yawan hannu ya cinye su. Mai shago ɗaya ne, littafin rajista ɗaya. Wanda gidansu akwai bidiyo ya ɗauki kaset, ya koma yana addu'ar 'yan NEPA su kawo wuta. Wanda ba shi da shi ya ɗauki littafi, fitilar ƙwai ta ishe shi.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ba kaset ba littafi. Su nasu fim ɗin a bakin mutum suke kallonsa. Yaro zai biyo motar kasuwa daga wani ƙauye na Maiyama ya zo Jega, in ya sayar da abin da ya kawo ya shiga gidan kallo. Da ya koma gida, daren nan shi ne talbijin ɗin garin. Za a zagaye shi a dandali, ya yi muryar jarumi, ya yi ta jaruma, ya rera waƙar, ya kwaikwayi tafiyar Ibro. In ya tsaya shan ruwa sai ka ji an ruɗe da "to sai mi yaf faru?" Kuma ba abin da ya gani kaɗai yake faɗi ba. Yakan gaya maka abin da jarumar take saƙawa a zuciyarta, wanda kyamara ba ta nuna ba. Ni kaina akwai finafinan da na fi jin daɗinsu a bakin irin waɗannan samari fiye da ranar da na kalle su da idona.

To, mai karatu, wannan aiki da yaron yake yi da baki, a Ingila da alƙalami aka yi shi, har ya zama sana'a mai zaman kanta. Kuma abin mamaki, labarin ya biyo ta Jos.

Dakta mai sake jiki

A ranar 23 ga Nuwamba, 1963 gidan talbijin na BBC ya fara nuna wani wasa mai suna Doctor Who. Ƙagaggen labarin kimiyya ne. Jarumin, wanda ake kira Dakta kawai, ba ɗan duniyar nan ba ne. Yana da wani jirgi da daga waje za ka ɗauka ɗan akwatin wayar 'yan sanda ne, amma cikinsa ya fi wajensa girma, kuma da shi yake zuwa kowace duniya da kowane zamani, na da ko na gaba. A 1966 da rashin lafiya ta kama ɗan wasan farko, William Hartnell, sai marubuta suka fito da wata dabara: ai shi Dakta in jikinsa ya gaji sabo yake sakewa, kamar yadda maciji ke saɓa. Aka ɗauko Patrick Troughton ya ci gaba. Da wannan dabara wasan ya yi shekara 26 a jere. ('Yan fim ɗinmu da jaruma ke yi wa aure ana tsakiyar ɗaukar kashi na biyu, ina jin da sun samu irin wannan mafita da sun yi sadaka.)

A wancan zamani babu bidiyo a gidaje. In an nuna wasa ranar Asabar ba ka gani ba, to ya wuce ka, sai dai a ba ka labari. Nan littafi ya shigo. Tun a 1964 aka buga na farko, wanda David Whitaker ya rubuta, amma kasuwar ba ta buɗe ba sai 1973, da kamfanin Target ya shiga harkar. Suka riƙa ɗaukar labarin da aka nuna a talbijin suna mai da shi ɗan ƙaramin littafi mai shiga aljihu, mai sauƙin kuɗi, daidai ɗan makaranta. Sai da suka buga sama da 150. Mutum ɗaya, Terrance Dicks, wanda dama shi ne mai tace labaran wasan a BBC, ya rubuta fiye da 60 daga ciki. Turawa da dama da suka tashi a lokacin sun sha faɗin cewa a littattafansa suka koyi son karatu.

Ba wanda ya san littattafan nan za su yi wani amfani da ya wuce wannan. Ashe can a BBC, tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1978, ana ta goge tsofaffin faya-fayai ana ɗora sabbin shirye-shirye a kai, wasu kuma a zubar don a samu wurin ajiya. Kafin a farga, kashi sama da 100 na Doctor Who sun salwanta. Abin da ya rage shi ne sautin da 'yan kallo suka naɗa da rikoda a gidajensu, da 'yan hotuna, sai kuwa littattafan. Shekara da shekaru, duk mai son sanin yadda Dakta ya kara da wasu dodannin ƙarfe a ramin jirgin ƙasa na Landan, a labarin The Web of Fear na 1968, sai dai ya nemi littafin da Dicks ya rubuta a 1976.

Tsintuwar Jos

BBC takan sayar da kwafen wasanninta ga tashoshin ƙasashen waje, har da na Nijeriya. Wani Bature mai suna Philip Morris ya ɗauki aikin bin irin waɗannan tashoshi yana duba ɗakunan ajiyarsu. A wata tashar talbijin a Jos ya tarar da gwangwanayen fim a kan kanta, an manta da su. A watan Oktoba na 2013 BBC ta yi shelar cewa an samo kashi tara da aka fid da rai da su: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Jaridun Ingila suka ɗauka, masoya wasan suka yi ta murna, sunan Jos ya zaga duniya. Bayan wannan tsintuwa, saura kashi 97 ake nema a lokacin.

Ka ji fa. Kayan Turawa mun ajiye masu kusan shekara 40 a ɗakinmu. Namu fa?

Kafin mu zo nan, bari in ƙarasa, don akwai wani aikin da littafi ya yi wanda ya fi wannan. A 1989 BBC ta dakatar da wasan. In ban da wani fim guda ɗaya na 1996, shekara 16 ba a yi sabo ba. A wannan tsakani kamfanin Virgin ya karɓi lasisi, daga 1991 ya shiga buga sabbin labarai, waɗanda ba a taɓa nunawa ba, har guda 61 zuwa 1997. Kuma suka buɗe ƙofa ga matasan marubuta daga cikin 'yan kallo. Ɗaya daga cikinsu, Russell T Davies, wanda ya rubuta Damaged Goods a 1996, shi ne ya dawo da wasan talbijin a 2005. Wani kuma, Paul Cornell, littafinsa na 1995, Human Nature, aka mai da shi wasa a 2007. Wato littafi ya riƙe wa talbijin amana har ta farfaɗo, sannan ya ba ta ma'aikata.

Mu hanyarmu ɗaya ce

A wajenmu ba baƙon abu ba ne littafi ya zama fim. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. NTA Kaduna ta yi Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Da harkar bidiyo ta kankama a Kano, marubuta ne a sahun gaba: Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bala Anas Babinlata da Tsuntsu Mai Wayo, Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne, Bilkisu Funtuwa da Ki Yarda Da Ni. Duk daga takarda zuwa kaset. Motar kullum cike take tafiya, ta dawo wayam.

Na dattawan da ma sun fi mu ƙoƙari. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin a buga. Haka Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusufu Ladan. Waɗanda suka yi muryoyin sun daɗe da barin makirfo, amma ɗalibin Hausa yana iya buɗe littafin yau ya karanta.

Yanzu ka dubi na talbijin. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Wasannin Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017. Karkuzu na Jos. Mu nan ɓangaren, da Kebbi ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin 1991, Idon Matambayi na NTA Sakkwato shi ne namu, da harshenmu, da irin barkwancinmu. Duk yawan shagunan hayar da na shiga tsakanin Jega da Birnin Kebbi, ban taɓa cin karo da littafin ko ɗaya daga cikinsu ba. Na nemi tsofaffin wasannin a YouTube, abin da na samu guntaye ne, hoto ya dusashe, sauti na rawa. Kaset ba ya jure zafinmu da ƙurarmu da damshin damina. Ina da kwali guda na kaset a gida wanda ranar da na buɗe shi na tarar zaren ya manne, ya yi fumfuna. Littattafan da ke cikin kwalin, gara ta ɗan taɓa gefensu, amma na karanta su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Daɗin Kowa na Arewa24, wanda aka fara a 2015. Ga gari an gina shi a zukatan mutane, ga jama'a birjik kowa da tarihinsa, ga ɗaruruwan kashi. Kuma a cikin waɗanda suka rubuta shi akwai marubuta littattafai na gaske, irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman. Kai, shi kansa Kamaye, ai Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa ne, marubuci tun kafin a san shi a fim. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Wace mata ce a Maiyama ba za ta so ta karanta ƙuruciyar Adama ba, yadda aka yi ta auri Kamaye? A littafi ba ka biyan ɗan wasa, ba ka jiran rana ta fito, kuma in Allah ya yi wa jarumi rasuwa, kamar yadda muka rasa Ahmad S. Nuhu a 2007 da Rabilu Musa Ibro a 2014, labarin yana iya ci gaba.

Ina magajin Ƙolin Ƙoliyo?

Wani zai ce ai wancan labarin kimiyya ne, mu ba mu da irinsa. Muna da shi. A 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙon da ya zo daga sama, Ƙolin Ƙoliyo, wanda ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. Shekara shida kacal tsakaninsa da fara Doctor Who. Bambancin shi ne nasu ya yi 'ya'ya da jikoki, namu ya tsaya a ajin makaranta.

A ra'ayina, nan ne littafi ya fi kyamara ƙarfi. Furodusa a Kano ba shi da kuɗin gina jirgin sama jannati, in ma ya gwada da kwamfuta sai a yi masa dariya. Marubuci kuwa layi biyu ya ishe shi. Masu karatu ma akwai su, don wanda ya iya bin littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, da aljanu da tsafi da birane bakwai, ba zai kasa bin mutum-mutumi ba.

Shi ya sa duk lokacin da na bi ta Aliero nake tunanin abin. Gari ne da aka sani da albasa da kuma ɗori, mutane na zuwa daga nesa da karaya. Tun 2006 kuma ga jami'ar kimiyya da fasaha a garin. Ɗalibin da ke karanta kimiyyar kwamfuta da safe, da yamma ya wuce ta gaban rumbunan albasa da gidan maɗori, me ya rasa na haɗa labari? Ai ko tambayar yadda za a yi albasa ta shekara ba ta ruɓe ba, in ta samu mai hikima, littafi ce guda.

Ba na cewa abin mai sauƙi ne. Kasuwar littafin takarda ta faɗi, takarda ta yi tsada, karatun ya koma waya, a WhatsApp da Wattpad, inda ake tura littafi kyauta kafin mai shi ya ga ko kwabo. Sannan akwai maganar haƙƙin mallaka. Target da Virgin ba sata suka yi ba, lasisi suka karɓa daga BBC suka biya. Duk wanda ya ɗauki Kamaye ya rubuta ba da izinin masu shi ba, ya jawo wa kansa shari'a. Don haka daga gidajen talbijin ɗin ya kamata abin ya taso, su kira marubutan da suke da su a gida, a yi yarjejeniya a rubuce, a gwada da ɗaya a gani.

Shagon da na fara hayar littafi a Jega yanzu cajin waya ake yi a ciki, ana kuma tura wa mutane finafinai a memori. Na tsaya na tambayi yaron shagon ko yana da Idon Matambayi. Ya duba kwamfutarsa, ya sake dubawa, sannan ya tambaye ni ko fassarar Indiya ne.