Wa zai sa wa hanyar kakanninmu alama?

Duk wanda ya saba bin hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi da sassafe a shekarun baya, ba mamaki ya taɓa ganin wani mutum mai furfura jefi-jefi yana sassarfa a gefen titi, 'yan makaranta suna yi masa dariya. To, ni ne. Likita ne ya ɗora ni a kan gudun saboda hawan jini, daga baya abin ya zame mini jiki. Tun da ɓarayin daji suka addabi yankinmu kuwa na koma zagaya cikin gari, don babu mai hankalin da zai fita bayan gari shi kaɗai kafin rana ta ɗaga.

Wannan ɗabi'a ce ta sa da aiki ya kai ni ƙasar Sifen a 2024, na tsakuro kwana biyar na bi wani yanki na hanyar da suke kira Camino de Santiago. Tsohuwar hanyar ziyara ce ta Kirista, mai ƙarewa a birnin Santiyago da ke arewa maso yammacin ƙasar, inda suka yi imani an binne Yaƙub, ɗaya daga cikin Hawariyawan Annabi Isa (AS). Kada mai karatu ya yi mini wata fassara. Ibadar tasu ce. Ni gudu da buɗe ido suka kai ni, ina ƙasaru ina haɗa sallolina a gindin itace.

Babbar hanyar daga kan iyakar Faransa take tasowa, kimanin kilomita 780. Ni ban yi wannan gangancin ba. Daga garin Sariya na tashi, kilomita 115 ke nan, na cinye su a kwana huɗu, rabi gudu rabi ɗingishi, domin tun a rana ta biyu ƙafata ta yi bororo, ga ruwan sama da ba ya sallama. Amma ko sau ɗaya ban ɓata ba, ni da ba na jin yarensu. A kowace mararraba akwai kibiya mai ruwan ɗorawa, a jikin dutse ko bango ko itace. Wani limamin coci na ƙauye mai suna Elías Valiña ne ya fara shafa su da fenti wajen 1984, lokacin da hanyar ta kusa mutuwa. A 1993 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya, a 2024 kuma kusan mutum 500,000 ne suka karɓi takardar shaidar kammala ta. Sharaɗin shi ne mutum ya taka aƙalla kilomita 100 da ƙafa, yana tara hatimi a wani ɗan littafi daga masauki zuwa masauki. Ka ji abin da gwangwanin fenti ya haifar.

Na ba birnin yini guda. Na zauna a babban dandalin da ke gaban majami'ar ina kallon masu isowa, wasu na kuka, wasu sun zube a ƙasa sun cire takalma. A gefe guda akwai ginin da Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela suka sa a gina a 1499 don jinyar matafiya, su ɗin dai da suka karɓe Garnaɗa daga hannun Musulmi a 1492. Yanzu otal ne mai tsada. A nan kuma na ji labarin Almansur, wazirin Ƙurɗuba, wanda ya ci birnin da yaƙi a 997, ya sa aka kwashe ƙararrawar majami'ar zuwa masallacin Ƙurɗuba, amma bai taɓa kabarin ba. Bayan 1236 aka dawo da su. Abin da ya burge ni shi ne, har ranar da aka ci su da yaƙi ba su goge daga tarihinsu ba.

A wannan dandali ne ƙanen kakana ya faɗo mini a rai. Daga Kurfi ya tashi da ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya, kafin Yaƙin Hitila, da niyyar sauke farali. Shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, kuma shi kaɗai ya dawo. Ni da na yi kwana huɗu ina ƙorafin bororo, sai kunya ta kama ni.

Hanyar da suka bi ta fi kilomita 3,000: Kano, Barno, Fallomi wadda ake kira Injamena a yau, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba a yi ta da guzuri, don babu guzurin da zai isa. Mutum yakan yada zango ya yi noma, ko ɗinki, ko almajiranci, ya tara na gaba. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa a nan suka yi ƙodago. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa ba su juyo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira gabas bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Jikokinsu na can suna jin Hausa.

Ba cewa nake a bar jirgin sama a koma tafiyar ƙasa ba. Allah Ya kawo sauƙi, mun gode. Ko mutum ya so ma ba hali, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, Junaina da Fashir sun zama sunayen da ake ji a labarin kisan kiyashi. Damuwata ita ce a wannan ɓangare namu, daga Katsina zuwa bakin Tafkin Cadi, ban taɓa cin karo da allo ko dutse ɗaya da ke cewa nan ne zangon mahajjata ba. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Me zai hana a tura ɗalibai gida-gida su naɗi muryar tsofaffi? Waɗanda suka yi tafiyar sun ƙare. 'Ya'yansu da suka ji daga bakinsu ne suka rage, su ma kullum ana ɗauka ɗai-ɗai.

Da na dawo na tafi Kurfi wurin gwaggona, wadda ta yi wayo a gaban mai tafiyar. Na ajiye waya a kan tabarma na ce, “Gwaggo, ba ni labarin Alhaji.” Ta yi shiru, sannan ta lissafo zango uku, na huɗun ya ɓace mata. Ta ce matar tasa a wani gari ta rasu bayan sun wuce Abeshe, wajen haihuwa, kuma ɗan ya rayu, an bar shi hannun wata Bahausa. Sunan garin ne ta ce in dawo wani satin, ko Allah zai sa ta tuna.